Gani Ya Kori Ji? Yadda Kotu Ke Tantance Hoton Kyamarar Tsaro

Ran Juma'a 12 ga watan Fabrairu na shekarar 1993, wata mata ta shiga wata babbar kasuwar zamani a garin Bootle, kusa da birnin Liverpool na ƙasar Ingila, tare da ɗanta James Bulger mai shekara biyu da haihuwa. Ta tsaya sayen nama wajen mahauci, kafin ta biya kuɗi ta waiwayo, yaro ya yi ɓatan dabo. Da 'yan sanda suka duba kaset ɗin kyamarorin tsaro da ke kafe a kasuwar, sai ga wasu yara biyu, ɗaya yana riƙe da hannun James, suna ficewa da shi, agogon da ke jikin hoton kuwa yana nuna ƙarfe 3 da minti 42 na yamma. Bayan kwana biyu aka tsinci gawar yaron a kan hanyar jirgin ƙasa.

Wannan hoto ya zagaya duniya, ya kuma sa hukumomin Birtaniya suka duƙufa wajen kafa kyamarori a tituna da kasuwanni. Amma akwai abin da ba kasafai ake ambata ba: hoton dishi-dishi ne, har da farko aka zaci samari ne da suka tasa, ashe yara ne 'yan shekara 10. Da aka zo shari'a a garin Preston cikin watan Nuwamba na wannan shekara, sai da aka haɗa hoton da shaidar mutanen da suka ga yaran a kan hanya, da shuɗin fentin da aka samu a tufafinsu, da jinin da ke jikin takalmi, da kuma bayanin da su da kansu suka yi wa 'yan sanda, sa'an nan aka same su da laifi.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. To amma alƙalin da aka kawo wa hoton bidiyo bai ga abin da ya faru ba. Abin da na'ura ta ajiye ya gani. Tsakanin waɗannan abubuwa biyu akwai tazara mai faɗi, kuma a cikin wannan tazara ne mai laifi kan kuɓuta, ko a ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba.

Shaida Bebe

Duk shaidar da ya zo gaban kotu ana rantsar da shi, sa'an nan lauyan ɗaya ɓangaren ya tsitsiye shi da tambayoyi: ina kake tsaye, ƙarfe nawa ne, da haske ko da duhu, ka san mutumin nan kafin ranar? Ta haka ake rairaye gaskiya daga ƙarya. Kyamara kuwa ba ta rantsuwa, ba ta kuma amsa tambaya. Saboda haka a da can kotunan Amurka ba su karɓar hoto sai in akwai mutumin da zai tashi ya ce, lalle abin da ke cikin hoton nan shi ne abin da ya gani da idonsa. Watau hoton ɗan rakiya ne kurum ga bayanin shaida.

Matsala ta taso ne sa'ad da aka soma samun laifuffukan da babu wanda ya gan su sai kyamara. A wata shari'ar fashin banki da wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta yanke a shekarar 1976, 'yan fashi sun kulle ma'aikata a ɗakin ajiyar kuɗi, don haka babu wanda zai iya gaskata abin da kyamarar bankin ta ɗauka bayan nan. Duk da haka kotu ta karɓi hotunan, domin an kawo shaidun da suka bayyana yadda aka sa fim a kyamarar, da yadda take tashi aiki, da wanda ya cire fim ɗin bayan fashin, da hannuwan da ya bi, da yadda aka wanke shi. Wannan shi ne ginshiƙin abin da masana shari'a ke kira ƙa'idar shaida bebe: tun da ba za a iya tambayar na'ura ba, sai a tambayi mutanen da suka kafa ta, suke kula da ita, suka kuma ɗebo abin da ke cikinta.

Abin Da Dokar Nijeriya Ta Tanada

Tsohuwar Dokar Shaida ta Nijeriya ta soma aiki tun 1945, zamanin da ba a san na'ura mai ƙwaƙwalwa a ofisoshi ba, don haka lauyoyi suka daɗe suna kai ruwa rana a kan ko za a karɓi abin da irin wannan na'ura ta fitar. Sabuwar dokar ta shekarar 2011 ce ta raba gardama. Sashe na 258 ya faɗaɗa ma'anar takarda ta haɗa da faifai da kaset da fim, sashe na 84 kuwa ya gindaya sharuɗɗa huɗu. Na farko, na'urar ta kasance wadda ake amfani da ita yau da kullum wajen ajiye bayanai a wurin. Na biyu, irin bayanan da ake magana a kansu su ne aka saba ba ta. Na uku, tana aiki daidai a lokacin, in ma ta sami tangarɗa, to tangarɗar ba ta shafi ingancin abin da ta fitar ba. Na huɗu, abin da aka kawo kotu daga waɗancan bayanai ya fito. Bugu da ƙari, dokar ta yi tanadin takardar shaida wadda mai alhakin kula da na'urar zai sa wa hannu, ya bayyana irin na'urar da yadda aka fitar da hoton.

Kotun Ƙoli ta nuna cewa waɗannan sharuɗɗa ba na ado ba ne. A shari'ar Kubor da Dickson ta 2012, ta yi watsi da wasu labarai da aka bugo daga intanet saboda ba a cika su ba. A shari'ar Dickson da Sylva ta 2016 kuwa, ta ce faifan bidiyon da aka riga aka karɓa da takardar shaidarsa ana iya kunna shi a zauren kotu ba tare da an nemi wata takardar ta biyu domin na'urar da za ta nuna shi ba. Duka biyun shari'o'in zaɓen gwamnan jihar Bayelsa ne, amma sashen ya shafi kowace irin shari'a, har da ta manyan laifuffuka. A shekarar 2023 an yi wa dokar kwaskwarima don ta ƙara rungumar bayanan da ake ajiyewa a na'urori.

Ya kamata ɗalibi ya bambanta abubuwa biyu a nan. Karɓar hujja daban, nauyin da alƙali zai ba ta daban. Ana iya karɓar bidiyo amma a ce bai tabbatar da komai ba. Kuma a shari'ar laifi, nauyin tabbatarwa yana wuyan masu gabatar da ƙara, sai sun kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana. A nan ne kimiyya ke shigowa, da tambayoyi uku.

Tambaya Ta Farko: Lafiyar Na'urar Ƙalau?

Abu na farko da ƙwararre ke dubawa shi ne agogo. Lokacin da ake gani a kusurwar hoto daga wani ɗan agogo ne da ke cikin akwatin ɗaukar hoto, wanda mutum ne ya saita shi, kuma kamar kowane agogo yakan yi gudu ko ya yi nawa. In ƙaramin batirin da ke riƙe shi ya mutu, aka kuma ɗauke wuta, yana iya komawa wata shekara can baya. Kuskuren minti 10 ya isa ya rushe hujjar mutumin da ya ce a lokacin yana wani wuri, ko kuma ya wanke mai laifi. Don haka ɗan sandan da ya san aikinsa, kafin ya taɓa komai, yakan gwada agogon na'urar da ingantaccen agogo ya rubuta bambancin.

Abu na biyu shi ne yawan hotuna. Bidiyo jerin hotuna ne marasa motsi da ake nunawa da sauri har ido ya ga kamar motsi ne. Talabijin irin na Nijeriya yana nuna hoto 25 a daƙiƙa guda, na Amurka kuwa kusan 30. Amma don tsimin wurin ajiya, akan saita kyamarar tsaro ta ɗauki ƙasa da haka nesa ba kusa ba. A zamanin kaset, ta wannan dabara ce kaset mai awa 3 ke ɗaukar aikin awa 24 ko fiye. In kyamara tana ɗaukar hoto ɗaya a daƙiƙa, motar da ke gudun kilomita 60 a awa za ta ci kusan mita 17 tsakanin hoto da hoto, naushi kuwa yana iya fita ya dawo ba a gan shi ba, sai a ga ramuwar wanda aka nausa a ɗauka shi ne ya fara.

Wannan ba zancen lissafi kaɗai ba ne. A shekarar 2003, a jihar Florida ta Amurka, an kama wata mai raino bayan iyayen wata jaririya sun ga bidiyon ɓoyayyar kyamarar gidansu yana nuna kamar tana jijjiga 'yar da ƙarfi. Ta shafe fiye da shekara biyu a tsare. Daga bisani masana suka nuna cewa kyamarar ba ta wuce hoto 6 a daƙiƙa, kuma irin wannan giɓi yana sa motsi mai taushi ya zama kamar fizga. A shekarar 2006 masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar.

Akwai kuma batun launi. Da dare kyamarori da yawa suna komawa amfani da wani haske da idon ɗan Adam ba ya gani, wanda ke gaba da ja a jerin launukan bakan gizo. Yadda yadi ke mayar da wannan haske ya sha bamban da yadda yake mayar da hasken rana, har baƙar riga tana iya fitowa fara fat. Wanda bai san haka ba sai ya bazama neman mai farar riga.

Tambaya Ta Biyu: An Taɓa Hoton?

Daga bangon da kyamara take zuwa teburin alƙali tafiya ce mai nisa, kuma dole a san duk hannun da hoton ya bi: wa ya ɗebo, yaushe, da wace na'ura, wa ya ajiye, wa ya buɗe. Kowane mataki a rubuce, da sa hannu. In zaren nan ya tsinke a wuri guda, lauyan wanda ake tuhuma ya sami abin kamawa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki wayar hannu a ɗauki hoton allon talabijin ɗin kyamara, sa'an nan a tura wa wani ta WhatsApp. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan yana matse hoton ya zubar da wani abu daga cikinsa, tare da bayanan ɓoye da ke nuna ranar ɗauka da irin na'urar. Abin da ake bukata shi ne a kwafo ainihin abin da ke rumbun ajiyar na'urar, a yadda ita ta rubuta shi. Kuma a yi da wuri, domin in rumbun ya cika, sabon hoto yana hawa kan tsoho ya shafe shi, wani lokaci cikin 'yan kwanaki.

To yaya za a tabbatar cewa kwafin da ke kotu shi ne wanda aka ɗebo watanni da suka wuce? Masana lissafi sun samar da abin da za a iya kira hatimin lissafi. Duk abin da ke cikin kwamfuta jerin sifiri ne da ɗaya. Akwai wata dabara mai suna SHA-256, wadda hukumar ma'aunai ta Amurka ta fitar a 2001, da ke tauna wannan jeri komai tsawonsa ta fitar da alamomi 64 na lambobi da haruffa. In aka sauya ko da ɗigo guda a hoto guda, alamomin nan za su birkice gaba ɗaya. Saboda haka akan fitar da hatimin a ranar da aka kwafo bidiyon a rubuta shi, a sake fitarwa a ranar shari'a. In sun dace, ba a taɓa ba. Sai dai hatimin ba ya ba da labarin abin da ya faru kafin a buga shi. In an riga an yi aika-aikar tun farko, ƙaryar zai tsare.

Wata dabarar kuma daga wutar lantarki take. Wutar da ke zuwa gidaje tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa a Turai da Afirka, amma ba cif-cif ba: takan ɗan hau ta ɗan sauka gwargwadon yadda jama'a ke jan wuta, kuma salon hawa da saukar kowane lokaci daban yake da na wani. Na'urar da ke ɗaukar murya kusa da wayar wuta takan kwashi wani siririn gurnani mai ɗauke da wannan salo. 'Yan sandan birnin Landan suna ajiye tarihin wannan gurnani dare da rana tun 2005, kuma a 2012 an yi amfani da shi a shari'ar wasu masu sayar da bindigogi don tabbatar da cewa ba a yanke muryoyin da aka naɗa an haɗa ba. Amma dabarar tana bukatar hukumar da ke ajiye irin wannan tarihi, kuma ba ta da amfani ga abin da aka ɗauka da wutar janareto, domin kowane janareto da nasa gurnanin.

Giɓi a cikin bidiyo shi ma magana ne. Kwamitin binciken da gwamnatin jihar Legas ta kafa kan abin da ya faru a mashigar Lekki ran 20 ga Oktoba 2020 ya karɓi hoton kyamarar wurin, amma aka shaida masa cewa ta daina ɗauka da misalin ƙarfe 8 na dare. Abin da ba a ɗauka ba ya jawo muhawara daidai da abin da aka ɗauka. In kuwa hoton ya ɓace ɗungurungum, ba lalle ne magana ta mutu ba. A wata shari'ar satar kaya a kanti a Ingila a 1986, an goge kaset bisa kuskure kafin a je kotu, amma aka yarda 'yan sandan da suka riga suka kalle shi su faɗi abin da suka gani, tare da gargaɗin a auna maganarsu da taka-tsantsan.

Tambaya Ta Uku: Wane Ne A Ciki?

Ko da na'ura lafiyayya ce, hoto kuma ba a taɓa shi ba, sauran babbar tambaya, domin kama da wane ba ta wane. Hoton kwamfuta ɗige-ɗige ne aka jera. A ɗauki kyamara mai ɗigo 1,920 daga hagu zuwa dama, aka sa ta gadin fili mai faɗin mita 40. Kowace mita za ta sami ɗigo 48, fuskar mutum kuwa, mai faɗin kimanin santimita 16, ba za ta wuce ɗigo 8 ba. Masu wannan sana'a sun daɗe suna aiki da ma'aunin ɗigo 250 a kowace mita in ana son a tantance baƙuwar fuska, watau kyamarar nan ba ta iya wannan aiki sai a wurin da bai kai faɗin mita 8 ba. Abin da ake nunawa a finafinai, inda ake matso da hoto dishi-dishi ya washe tar, tatsuniya ce. Abin da kyamara ba ta ɗauka ba, babu mai fito da shi.

Idon mai kallo ma yana da nasa rauni. A 1999 masana halayyar ɗan Adam na Jami'ar Glasgow, cikinsu har da Mike Burton, tare da Vicki Bruce, sun wallafa wani gwaji da suka yi da hoton kyamarar tsaron ƙofar sashensu, mai nuna malamai suna shiga. Ɗaliban da suka san malaman sun gane su ba wuya duk da rashin kyan hoton. Waɗanda ba su san su ba kuwa sun yi ta kuskure, kuma ƙwararrun 'yan sanda da aka gwada ba su yi wani abin a zo a gani ba. Darasin shi ne, gane wanda aka sani abu ne mai sauƙi, amma gwada baƙuwar fuska da hoto aiki ne mai santsi, alhali shi ne ake ɗora wa alƙali.

Manhajar gane fuska ba ta kawar da wannan haɗari ba. A watan Janairu na 2020, 'yan sandan birnin Detroit na Amurka sun kama wani magidanci baƙar fata a ƙofar gidansa, gaban matarsa da 'ya'yansa, bisa zargin satar agoguna a wani kanti, saboda manhaja ta ce fuskarsa ta yi kama da ta cikin hoton kyamarar kantin. Ya yi kimanin awa 30 a tsare, ashe ba shi ba ne. Haka kuma a watan Maris na 2024 wani alƙali a jihar Washington ya ƙi karɓar bidiyon da aka gyara da ƙirƙirarriyar basira a wata shari'ar kisan kai, domin irin wannan manhaja tana cike giɓi ne da abin da take zato, ta ƙara ɗige-ɗigen da babu su a asali. Yanzu da ake iya ƙera bidiyon ƙarya na mutum yana aikata abin da bai aikata ba, sanin asalin hoto da hannuwan da ya bi ya ƙara zama wajibi.

Kammalawa

Duk wannan ba ya rage wa kyamara daraja. Bayan fashin bankunan garin Offa na jihar Kwara ran 5 ga Afrilu 2018, inda aka kashe mutane fiye da 30, 'yan sanda sun baza hotunan da kyamarorin banki suka ɗauka don jama'a su taimaka wajen gano maharan, kuma a watan Satumba na 2024 babbar kotun jihar ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa. Kyamara takan nuna wa mai bincike inda zai dosa, takan kuma wanke wanda aka yi wa ƙazafi.

Ga shugaban makaranta ko mai kanti da ya kashe kuɗi ya kafa kyamara, abin yi a bayyane yake. A riƙa duba agogon na'urar ana rubuta ranar da aka duba. A kafa kyamara ɗaya a ƙofar shiga, daidai tsayin fuska, maimakon a dogara ga wadda ke can ƙololuwa tana kallon huluna. A tanadi batirin da zai riƙe ta in an ɗauke wuta. A damƙa kula da ita ga mutum guda sananne, domin shi ne zai sa hannu a takardar shaida, shi ne kuma zai tsaya gaban alƙali. In wani abu ya faru, a hanzarta kwafo asalin hoton kafin ya shafe, a guji yanke shi ko watsa shi a waya.

Ɗaliban da ke sha'awar lissafi da kimiyyar haske da kwamfuta kuwa, ga fage nan a buɗe, domin kotuna na bukatar masanan da za su iya bayyana wa alƙali abin da hoto ya nuna da abin da bai nuna ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Na kyamara kuwa sai an auna masa.